Bitamin E da ɗiyanmu ƴan lakwal: ƙwayar kwalba ko gujiyar rumbu?

(Jawabin da malamin lakwal ya karanta da sunan malaman gari a taron ƙungiya na bayan kaka. An buga shi yadda aka karanta, domin waɗanda ke wajen bida su samu.)

Iyayenmu dattawa, ranku ya daɗe. Iyayenmu mata, sannunku da aikin kaka. Yayyenmu da ƙannenmu da suka zo ganin gida daga Kano da Ikko da Abijan da Agadas da Libiya, barkanku da zuwa, da fatan kun taras da iyali lafiya. Mu yara ne a gabanku, sai dai tun da shugaba ya ce a tambayi mushe, ba mu da ta cewa sai mu tashi. In mun yi tuntuɓe a harshe, a gyara mana.

Kowa ya san mafarin zancen. Wani ɗan'uwanmu ya dawo daga bida da kwalba cike da ƴan ƙwayoyi masu laushi, masu launin zuma, an rubuta bitamin E a jiki. Mai sayarwa ya gaya masa suna ƙara wa yaro kaifin kai da ƙarfin jiki. Saboda kishin gari ya kawo shawara a cire kuɗi daga asusun ƙungiya a sayo katan guda, mu malamai mu riƙa raba wa ƴan lakwal kowace safiya. Niyya ce mai kyau, mun kuma gode masa, domin shi ya fara tunawa da waɗannan yara. Amma kuɗin asusu gumin jama'a ne, ana tara shi da dala-dala, ba za mu ce a saya ko a bari ba sai mun san abin da mu ke faɗi. A makarantar horon malamai, layi ɗaya tak aka koya mana game da wannan bitamin, cikin Faransanci, muka haddace don jarrabawa muka manta. Saboda haka muka koma muka yi karatu, muka kuma zauna da malamin likita. Ga abin da muka samo.

A shekarar 1922 ne wasu masu bincike biyu a jami'ar Kaliforniya ta Amurka, Herbert Evans da Katharine Bishop, suka gano shi, kuma a jikin ɓeraye suka gano shi. Sun ciyar da ɓerayen wani abinci da suka haɗa da kansu. Ɓerayen suka girma, suka yi ƙiba, matan suka ɗauki ciki, amma cikin ba ya zama, sai ya lalace. Da aka ƙara musu ganyen salati ko idon alkama, wato wurin da tsiro ke fitowa, sai suka riƙa haihuwa lafiya. Daga nan aka san akwai wani abu a ganye da ƙwaya wanda jiki ba ya iya yi da kansa, aka ba shi harafin E. Sunansa na likitoci, tokoferol, daga harshen Girka ya ke, ma'anarsa mai kawo haihuwa. To, a nan masu tallar magani suka sami kasuwa. Shi ya sa za ku ji mai lasifika a bakin tasha yana rantsuwa cewa maganin haihuwa ne, ko na ƙarfin maza. Iyayenmu su yi mana gafara da wannan magana, amma wancan bincike a kan ɓera aka yi shi, kuma ba a tabbatar da irin wannan amfani ga mutumin da ke cin abinci daidai ba.

Aikinsa na ainihi, kowane manomi zai gane shi. Hauyar da aka bari a waje takan yi tsatsa, wadda aka shafa wa mai aka ajiye ba ta yi. Man da ya daɗe a buɗe yakan canja wari da ɗanɗano, don iska ta ci shi. Jikin mutum ma haka ya ke. An gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace ƙwaya tana da fata mai laushi da aka yi da maiƙo, kuma iskar da mu ke shaƙa, ko da ya ke da ita mu ke rayuwa, tana cin wannan maiƙo kamar yadda ta ke cin man da ke buɗe. Bitamin E yana zaune cikin fatar ƙwayar, shi ke tare ɓarnar. Ƙwayoyin da suka fi bukatarsa su ne jajayen ƙwayoyin jini da jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa da hannu da ido. Abu guda kuma da za mu roƙi kowa ya riƙe: wannan bitamin ba ya narkewa cikin ruwa, sai cikin mai. Da mai ya ke shiga hanji, da taimakon ruwan matsarmama da hanta ke zubowa, da mai kuma ya ke tafiya cikin jini. In ba maiƙo a abinci, ko kuwa cikin yaro ba ya riƙe maiƙo, to, ko ya ci ganye kwando guda kaɗan zai samu.

Idan rashinsa ya yi tsanani kuma ya daɗe, jajayen ƙwayoyin jini suna saurin fashewa, yaro ya yi fari, ya riƙa gajiya. Sannan jijiyoyi su fara rauni. Yaro ya riƙa tangaɗi kamar ƙasa tana motsi, ya kasa tsayawa daidai in ya rufe ido, ya daina jin tafin ƙafarsa sosai, hannu ya riƙa kuskuren abin da ya nufa, gani ma ya ragu. A 1998 likitocin yara a birnin Delhi na Indiya sun ba da rahoton irin waɗannan alamu a jikin yara masu tamowa waɗanda bitamin E ya yi ƙasa a jininsu. Amma kada kowa ya koma gida ya ga ɗansa ya yi tuntuɓe ya ce ga shi nan. Rashi mai kai wa ga haka ba kasafai ake ganinsa ga yaro mai lafiyar ciki ba, domin jiki yana ajiye bitamin ɗin cikin kitse, yana ci a hankali kamar rumbu. Kuma ba a gane shi da ido, sai da awon jini. Yaron da ya yi fari a garuruwanmu, an fi samun dalilinsa wajen zazzaɓin cizon sauro, ko tsutsar ciki, ko rashin sinadarin ƙarfe a abinci. Wannan aikin likita ne, ba na mushe ba, ba kuma na mai kwalba ba.

To, wane yaro ne ke cikin hatsari? Na farko dai shi ne wanda cikinsa ba ya riƙe mai. Iyaye mata sun fi mu sanin wannan: yaron da ke gudawa makonni ba ta tsayawa, ko kashinsa ya fito fari-fari, mai maiƙo, mai tsananin wari. Irin wannan, abin da ya ci yana wucewa ne kawai. Haka yaron da shawara ta daɗe a jikinsa, ido ya yi rawaya, domin hanta ba ta zubo ruwan da ke narkar da mai. Akwai bakwaini, wanda aka haifa kafin ya tara ajiyarsa daga jikin uwa. Akwai mai ciwon sikila, wanda jininsa dama yana saurin fashewa, kuma an sha samun bitamin E ya yi ƙasa a jinin masu wannan ciwo. Akwai kuma wata cuta ta gado da ba ta da yawa, an fi saninta a Tunisiya da maƙwabtanta, an gano tushenta a 1995. Hantar yaro ba ta iya riƙe bitamin ɗin ko da yana cinsa, sai tangaɗi ya fara masa tsakanin shekara 5 da 15, wato daidai shekarun lakwal. Ta fi fitowa inda uwa da uba jini ɗaya ne. Mun ambace ta ne saboda auren zumunci al'adarmu ce, kuma saboda ita kam ƙwayar bitamin E ce maganinta, a hannun likita. Yaron da ya soma tangaɗi ba tare da zazzaɓi ba, a kai shi babbar likita a Tasawa ko Mayahi, in sun tura Maraɗi a tafi, kada a zauna ana cewa iska ce.

Sai wanda ya taɓa yin tamowa. Ba wanda ya manta 2005, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60.000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Ku tuna da abin da aka ba su, Plumpy'nut na cikin leda. In kun duba abin da ke ciki: gujiya niƙaƙƙiya, da mai, da madarar gari, da sukari, da bitamin har da E. Wasu Faransawa biyu, André Briend da Michel Lescanne, suka haɗa shi a 1996. Wato abin da ya ceci ɗiyanmu, gindinsa gujiya ce irin wadda mu ke nomawa. Amma ku lura da iyakar wannan kulawa. Awon damtse, da ɗigon bitamin A, da maganin riga-kafin zazzaɓi na damina, da duba yaro kyauta da gwamnati ta yanke a 2006, duk an tsara su ne don yaron da bai cika shekara 5 ba. Ranar da ya cika, ya fita daga littafin likita. Da shekara 6 ko 7 sai ya shigo littafinmu na lakwal, mu kuwa alli kawai gare mu. Daga CI zuwa CM2 yana girma, yana tafiya ƙasa, yana ɗiban ruwa da kiwo, ba mai auna shi.

Yanzu mu zo kan akushi, inda mafi yawan yaranmu abin ya shafe su. Ma'aunin da masana na Amurka suka tsayar a shekarar 2000 ya ce yaro ɗan shekara 4 zuwa 8 yana bukatar miligiram 7 a rana, ɗan 9 zuwa 13 miligiram 11, babba 15. Ma'auni ne mai tsauri, ko a can yawancin mutane ba sa cika shi kuma ba sa kwanciya ciwo. Amma yana nuna mana inda mu ke. Cikin tafin hannu na ɓararriyar gujiya, kamar giram 30, akwai wajen miligiram 2. Babban cokali na man gujiya, wajen 2. Na manja, kusan haka. Mangwaro babba guda, kusan 2. To, mu yi lissafi irin na aji. Gida mai mutum 10, an zuba cokali 3 na mai a miyar dare, wato miligiram 6. A raba goma, kowa bai sami ko 1 ba. Kuma mun san yadda rabo ya ke: man da ya taso saman miya, kwanon maigida ya ke tafiya, yara su taru a kan na ƙasa, babba ya fi ƙarami saurin hannu.

Hatsi kansa yana da nasa, domin idonsa babba ne kuma mai maiƙo. Sai dai wajen surfe wani sashe na idon yana tafiya cikin dusa, musamman in an matsa surfen don tuwo ya yi fari. Shi ya sa ragon layya da ake ba dusa ya ke sheƙi. Shinkafar buhu an goge ta sarai, garin rogo kuwa babu komai na maiƙo a ciki. Muna ganin abin da yara ke ci lokacin hutun ƙarfe goma. Wanda ya sha fura da safe ya gode. Wani garin rogo ne ya ke jiƙawa da ruwa. Wani ba komai. Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne yarinyar da ta tashi daga aji ta ɗauki faranti na soyayyar gujiya tana zagaya gari, an ƙidaya mata ƙulli-ƙulli, in ta ci ɗaya ta sha duka. Yayyenmu ƴan bida, a nan muna da magana da ku, ku yi haƙuri. In kun aiko kuɗi, ko kun zo da tsaraba, shinkafa ce da taliya da sukari da Maggi. Yaran da kuka bari wajen kaka sun ƙoshi, ba mu musa ba, amma galan ɗin mai bai cika shiga lissafi ba.

Iyayenmu sun fi mu sanin cewa da ba haka ƙasar nan ta ke ba. Zamanin da aka kafa SONARA a 1962, gujiya ce dukiyar Nijar, Tasawa kuwa na cikin manyan kasuwanninta. Fari na 1973 da 1974 ya raunana ta, cutar kuturtar gujiya ta 1975 ta ƙarasa, 1984 ta zo ta ƙara. Manomi ya koma wa hatsi da wake, musamman a arewa, wajen Urafan da Kanambakashe, inda ruwa ya fi ƙaranci. A kudu, wajen Korgom da Hawandawaki, an fi riƙe ta. A yawancin gidaje ta koma gamanar mata, kuma ita ce kuɗin hannu: da an cire sai kasuwa, don sabulu, da biki, da bashin bazara. Wadda ta matse mai ta sayar da man, ta bar wa gida ƙuli-ƙuli. Ƙuli-ƙuli abinci ne mai gina jiki, kada a raina shi, amma bitamin E ya bi man da aka matse, saura ne ya rage. Riɗi ma da mu ke nomawa yana da amfani, sai dai nau'in bitamin E da ya fi yawa a cikinsa ba shi ne wanda jiki ya fi riƙewa ba, gujiya ta fi shi a wannan fanni. Aya da ake kawowa daga wajen Gazawa ita ma tana da shi.

Game da kwalba, ga amsarmu: kada ƙungiya ta saya. An taɓa gwada irin wannan dabara a ƙasar Malawi, aka buga sakamakon a 2005. Yara fiye da 2.000 aka sa cikin gwajin, aka ba wasu haɗin da ke da bitamin E da makamantansa, wasu aka ba su abin da ba magani a ciki, don a ga ko zai hana tamowa mai kumburi. Bai hana ba. Yaron da ba ya samun isasshen mai, ba bitamin E kaɗai ya rasa ba. Ya rasa ƙarfin da mai ke bayarwa, ya rasa hanyar da bitamin A ke bi ta shiga jiki, ga kuma yunwa. Ƙwaya ɗaya ba ta toshe duk wannan, tafin gujiya kuwa yana rage kowanne. Ƙari a kan haka, ƙwayoyin kasuwa an yi su ne da awon manya, wasu sun ninka bukatar yaro sau goma ko fiye, kuma yawansa yana hana jini saurin daskarewa. Ba ma maganar wadda ta sha rana a kan tebur, ba a san ranar da aka yi ta ba.

Abin da mu ke roƙo shi ne kuɗin katan ɗin a sayi gujiya da su yanzu, tun tana arha, a ajiye ta da ɓawonta, a riƙa soyawa ana ba kowane yaro cikin tafinsa lokacin hutun ƙarfe goma, ko da sau uku ne a mako. A fi matsawa daga ƙarshen ɗari zuwa rufe lakwal a watan Yuni, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Ƙungiyar iyaye mata ta lakwal ta ce za ta ɗauki suya bi da bi. A nan dole mu ja kunne, har da namu. Mun san al'adar tsince mai kyau a kai kasuwa, a bar wa yara ƙanana da masu baƙi da masu ɗaci. Gujiyar da ta yi funfuna tana da guba mai suna aflatoksin, mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. In za mu ba yara irin wannan, gara mu bari. A shanya ta ta bushe sarai, a ɗora buhu a kan itace kada ya taɓa ƙasa, duk ƙwayar da ta canja launi ko ta yamutse a zubar.

A gida kuma, iyayenmu mata, ganye na nan: zogala, da tafasa, da lalo, da rama, da yaɗiya. In an yi kwaɗo a sa masa ɗan mai, ko cokali ɗaya ne, kuma a zuba wa yara nasu kafin a kwashe na sama. Man da aka soya ƙosai da shi sau da yawa har ya yi baƙi, wuta ta riga ta cinye bitamin ɗinsa. Wanda ke cikin farar kwalba a rana tun safe shi ma yana raguwa, a ajiye mai a inuwa da murfi. In bazara ta yi, mangwaro ya sauko kasuwa, a saya wa yara, a wanke. Wadda ta ba ɗiyarta talla, ta ware mata ƙulli ɗaya nata na kanta. Mu ma malamai mun ɗauki namu: akwai fili bayan azuzuwa, in dattawa sun yarda a ba mu iri, da damina ƴan CM za su shuka gujiya a ciki, mu kuma kafa zogala a gefen shinge. Duk yaron da muka ga gudawarsa ta wuce mako biyu, ko idonsa ya yi rawaya, ko tafiyarsa ta canja, za mu aiko wa uban da takarda, muna roƙon kada a ajiye ta ƙarƙashin tabarma.

Abu biyu suka rage da ba namu ba ne mu yanke: tiya nawa asusu zai iya saya ba tare da an taɓa kuɗin gyaran rijiya ba, da kuma wanda zai riƙe makullin ɗakin ajiya, domin mu malamai ana canja mu ko yaushe. Mun ba magatakarda yawan yaran kowane aji, ma'aji na iya yin lissafi a kai tun kafin ƴan bida su koma. Ita kuwa kwalbar ɗan'uwanmu, mun kai wa malamin likita, tana wurinsa.